Madatsar Diama da abin da ya biyo bayan korar gishiri daga Kogin Senegal

A farkon shekarar 1988, a garin Richard Toll da ke gaɓar Kogin Senegal, kimanin kilomita 100 daga birnin Saint-Louis, gwajin bayan gida na wasu majiyyata ya nuna wani ƙwai da likitocin yankin ba su saba gani ba. Ƙwan tsutsar tsargiya ne, amma mai ƙaya a gefe, irin na tsutsar Schistosoma mansoni wadda ke zama a jijiyoyin hanji. Tsargiyar da aka sani a kwarin kogin tun da can ita ce ta mafitsara, mai sa fitsarin jini, kuma ko ita ba ta yi ƙarfi a ƙasan kogin ba. Ta hanji kuwa baƙuwa ce. Kafin shekara biyu ta cika an ƙirga kusan mutum dubu biyu masu ɗauke da ita. Binciken da aka yi a 1990 ya nuna kusan kashi 60 cikin ɗari na mutanen garin sun kamu, a ƙauyen Ndombo da ke kusa kuma adadin ya haura kashi 90. Likita Idrissa Talla da abokan aikinsa, waɗanda suka fara bayar da rahoton ɓarkewar, sun rubuta ɗaya daga cikin annobar tsargiya mafi saurin yaɗuwa da aka taɓa gani a Afirka.

Shekara biyu kafin wannan, an kammala wata madatsa a ƙauyen Diama, kilomita 27 sama da Saint-Louis. Ba don wutar lantarki aka gina ta ba, kuma ruwan da take tarawa ba shi da yawa idan aka gwada da manyan madatsu. Aikinta guda ne: ta hana ruwan teku hawowa cikin kogin. Ta kuma yi wannan aiki yadda aka so. Tarihin shekarun da suka biyo baya shi ne tarihin gano ayyukan da gishirin nan yake yi a kogin, waɗanda ba a san yana yi ba sai da aka kore shi.

Kogi mai fuska biyu

Kogin Senegal yana tasowa daga tsaunukan Futa Jalon a ƙasar Gini. Rassansa biyu, Bafing da Bakoye, suna haɗuwa a Bafoulabé cikin Mali, daga nan ya miƙa arewa maso yamma, ya zama iyaka tsakanin Senegal da Muritaniya, ya faɗa Tekun Atlantika kudu da Saint-Louis. Tsawonsa daga mafarin Bafing ya kai wajen kilomita 1,800. Kusan duk ruwansa na damina ne. Daga Yuli zuwa Oktoba yakan cika ya batse, ya malale fadamun da Fulanin Futa Toro suke kira waalo. Idan ruwa ya janye, manoma su shuka dawa a kan laimar da ya bari, kamar yadda ake noman masakwa a ƙasar Barno. Bayan girbi makiyaya su shigo da shanu su ci kara, su bar taki. Masunta kuwa, waɗanda ake kira Subalɓe, sun riga sun kwashi rabonsu tun lokacin da kifi ya bi ambaliya ya yi ƙwai a cikin fadama.

Da rani sai kogin ya koma wani abu dabam. Ƙasar da yake ratsawa a ƙarshen tafiyarsa shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, har gindin kogin ya fi fuskar teku zurfi a nisa mai yawa. Da zarar ruwan da ke gangarowa ya yi rauni, sai teku ta turo nata. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, saboda haka yakan kutsa ta ƙasa kamar harshe, yana hawa sannu a hankali wata bayan wata. A shekarun fari yakan wuce kilomita 200 daga bakin teku. Duk wanda ke zaune a wannan tsakani yana rayuwa ne da kogi mai fuska biyu: ruwan daɗi rabin shekara, zartsi sauran rabin.

Wannan ya daɗe yana wahalar da mutane. Faransawa sun kafa Saint-Louis, wanda Wolof ke kira Ndar, a kan wani tsibiri cikin kogin a 1659, kuma ƙarni biyu birnin yana fama da ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Da rani sai an tara ruwan sama a tankuna, ko a ɗauko ruwan daɗi daga nesa cikin jiragen ruwa. A shekarun 1880 aka kafa injinan tururi a Mbakhana domin turo ruwa zuwa birnin. Masu son noma ma sun gamu da matsalar. A shekarun 1820 gwamna Baron Roger ya sa wani masanin tsirrai mai suna Richard ya buɗe gonar gwaji a inda rafin Taouey ya haɗa kogin da Tafkin Guiers. Daga nan garin ya samo sunansa, domin Richard Toll da harshen Wolof yana nufin lambun Richard. Gwajin bai yi nisa ba, kuma gishiri na cikin abubuwan da suka kayar da shi. Daga baya aka riƙa toshe bakin Taouey da jingar ƙasa kowace shekara don kare tafkin, har aka gina gada mai ƙofofi a wurin a ƙarshen shekarun 1940.

Fari da yarjejeniya

Abin da ya mayar da tsohon burin tare kogin ya zama aikin gaggawa shi ne farin da ya afka wa Sahel daga ƙarshen shekarun 1960. Ambaliya ta ragu, waalo ya bushe, dabbobi suka mutu, samari suka watse zuwa Dakar da Faransa. A watan Maris na 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukumar raya Kogin Senegal, wadda aka fi sani da OMVS. Gini, inda ruwan ke tasowa, ba ta shigo ba sai 2006. Ƙasashen uku sun yi abin da ba kasafai maƙwabta kan yi a kan ruwa ba: sun amince kogin na kowa ne, sun kuma amince a 1978 cewa madatsun da za a gina mallakar haɗin gwiwa ne, a raba bashinsu gwargwadon amfanin da kowace ƙasa za ta samu.

Shirin ya tsaya a kan madatsu biyu. Ta Manantali a kan Bafing cikin Mali za ta tara ruwa mita mai kusurwa biliyan 11, ta riƙa sakinsa duk shekara, ta kuma samar da wuta megawat 200. Ta Diama za ta tsaya a bakin ƙofa ta tare teku. Da su biyun aka yi niyyar ban ruwa ga hekta 375,000, mafi yawa a Senegal da Muritaniya, tare da buɗe wa Mali hanyar jiragen ruwa daga Kayes zuwa teku. An fara aikin Diama a 1981. Kafin a gama, farin 1983 ya tsananta har aka tare kogin da jingar ƙasa ta wucin gadi a Kheune don ceton gonaki da ruwan sha. An kammala Diama a 1986, mai ƙofofi bakwai da mashigar jirage, aka gama Manantali a 1988. A farkon shekarun 1990 aka ƙarasa jingar gaɓar Muritaniya, wadda ta ba da damar ɗaga ruwan da ke bayan madatsar ya zauna a matsayi ɗaya duk shekara.

Amfanin da aka samu ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda zai yi wa madatsar hisabi dole ya fara da shi. Tafkin Guiers, wanda a da ake fargabar ya ƙafe ko ya yi zartsi, ya zama rumbun da ke shayar da babban ɓangare na Dakar ta tashoshin Ngnith da Keur Momar Sarr. Nouakchott, birnin da ke cikin hamada, yana shan ruwan kogin ta bututun Aftout Es Saheli tun 2010. Kamfanin sukari na Richard Toll, wanda aka kafa a 1970, ya sami ruwan raken da ba ya yankewa. Noman shinkafa sau biyu a shekara ya yiwu a wuraren da a da famfo kan tsaya cak da zarar gishiri ya iso. Miliyoyin mutanen da ke buɗe famfo a manyan biranen biyu suna cin moriyar Diama, ko da ba su taɓa jin sunanta ba.

Katantanwa da jatan lande

Tsutsar tsargiya ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum kai tsaye. Ƙwan da ya fita cikin fitsari ko bayan gida sai ya faɗa ruwan daɗi ya ƙyanƙyashe, ya sami wata irin ƙaramar katantanwa ya shige ta, ya hayayyafa a cikinta, sannan dubban 'ya'yan tsutsa su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan. Idan babu katantanwar, zagayen ya yanke. Wadda ke ɗaukar tsargiyar hanji, Biomphalaria pfeifferi, ba ta jure gishiri, ba ta kuma jure bushewa. A tsohon kogin abubuwan nan biyu sukan zo mata kowace shekara, shi ya sa ba a cika samun ta a ƙasan kogin ba. Bayan 1986 sai ga ruwan daɗi mai kwanciya, wanda ba ya ƙafewa, ga ciyayi a gaɓa, ga magudanan ban ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita. Masu bincike sun kuma lura cewa ruwan ya rage tsami, abin da ya ƙara wa katantanwa sauƙin gina ɓawonta.

Sauran abin da ya rage shi ne mai kawo ƙwan. Richard Toll ya cika da 'yan ci-rani masu neman aikin rake daga sassa daban-daban, wasunsu daga yankunan da cutar take. Garin ya girma fiye da rijiyoyinsa da masansa, mutane suna wanka da wanki da ɗiban ruwa a magudanai da rafin Taouey. Jama'ar wurin kuma ba su taɓa haɗuwa da wannan tsutsa ba, jikinsu bai san ta ba. Aka sami manya da yara ɗauke da ƙwai masu yawan da ya ba likitoci mamaki. Cutar kan jawo ciwon ciki da gudawa mai jini da ƙarancin jini, idan ta daɗe kuma ta kumbura hanta da saifa. Tsargiyar mafitsara ma ta bazu a ƙauyukan da ke bakin rafin Lampsar da Tafkin Guiers. Dabbobi ba su tsira ba, domin katantanwar da ke ɗaukar tsutsar hanta ta shanu da tumaki ita ma ta sami wurin zama.

Akwai wani ɓangare na labarin da ba a fahimta ba sai bayan shekaru da yawa. A kogin akwai wani babban jatan lande, Macrobrachium vollenhovenii, wanda yake rayuwarsa a ruwan daɗi amma 'ya'yansa ba sa tashi sai a zartsi. Macen takan gangara bakin teku ta saki 'ya'ya, su yi makonni a can, sannan su hawo kogin su girma. Katantanwa kuwa na cikin abincinsa. Diama ta raba gidan haihuwarsa da gidan girmansa, ya ɓace daga saman madatsar, masuntan da ke kama shi suka rasa sana'a, katantanwa ta rasa mai cin ta. A 2015 Susanne Sokolow da abokan aikinta suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a Lampsar: sun zuba jatan landen cikin keji a mashayar wani ƙauye, suka bar mashayar wani ƙauyen yadda take, bayan an ba mutanen duka biyun maganin praziquantel. Bayan wata 18, katantanwa masu ɗauke da tsutsa sun ragu da kashi 80 cikin ɗari a inda aka zuba shi, yawan ƙwan da ke jikin mutane ya ragu da rabi. Gwajin ƙarami ne, na ƙauyuka biyu kawai, amma ya nuna irin aikin da wannan halitta take yi wa mutanen kwarin a kyauta kafin a toshe mata hanya.

A daidai wannan lokaci, cikin Oktoba na 1987, zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a Rosso ta gaɓar Muritaniya, ya kashe mutum fiye da 200. Shi ne karo na farko da aka ga annobarsa a Afirka ta Yamma, kuma masu bincike da dama sun danganta ta da sabon ruwan da ya kwanta bayan madatsar, wanda ya tara sauro da dabbobi da mutane wuri ɗaya.

Kachala a sama, gishiri a ƙasa

Manoman Hadeja da Nguru ba sa bukatar a yi musu bayanin kachala. Tun da madatsun Tiga da Challawa suka sa ruwa ya daina janyewa daga fadamunsu da rani, sun ga yadda take cinye gona da hanyar kwale-kwale. Abin da ya faru a bayan Diama ke nan, a fili mafi girma. Kachala tana son ruwan daɗi marar zurfi wanda ba ya tashi ba ya sauka, gishiri da bushewa kuma suna kashe ta. Cikin shekaru kaɗan ta rufe dubun-dubatar hekta a gaɓoɓin biyu. Ta toshe magudanai, ta hana shanu isa mashaya, ta hana masunta jefa taru, ta zama maɓoyar sauro da katantanwa da tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa. Kainuwa ma ta yi yawa. A 1999 wata baƙuwar ciyawa mai yawo a kan ruwa, Salvinia molesta, ta shiga gandun tsuntsaye na Djoudj, inda kwasakwasa ke ƙyanƙyasa da dubbai, kuma inda tsuntsayen Turai ke sauka bayan sun ƙetare Sahara. Hukumar UNESCO ta sa gandun cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari daga 2000 zuwa 2006. Abin da ya ceci Djoudj shi ne wani ɗan ƙwaro ɗan asalin Brazil da aka saki, wanda ba ya cin komai sai wannan ciyawa. Kachala kuwa har yanzu ba a sami mai cin ta ba. Ana yanka ta, ana ƙona ta, a Rosso ana mayar da ita gawayin girki, tana kuma sake tohowa.

Gishirin da aka hana shigowa ta baki bai bar yankin ba. Ƙasar ƙarshen kogin tsohon gindin teku ce, kuma ruwan da ke ƙarƙashinta mai gishiri ne, a wasu wurare ma ya fi na teku. Da aka shiga kwarara ruwa a gonakin shinkafa, musamman waɗanda 'yan kasuwa suka buɗe cikin gaggawa ba tare da magudanar fitar da ruwa ba, sai ruwan ƙasa ya taso kusa da sama. Rana ta tsotse laima, gishiri ya zauna a fuskar gona fari fat. Filaye da yawa an noma su shekara biyu ko uku aka bar su, aka koma gaba aka buɗe sababbi. Inda aka yi magudanar kuma, ruwan da ya wanke gishiri da taki da maganin ƙwari sai an nemi inda za a zuba shi, ya ƙare a kwazazzabai da tafkunan da makiyaya ke shayar da dabbobi.

Mafi munin abin ya faru ne a gaɓar Muritaniya, ƙasa da madatsar. Jingar da aka gina ta raba fadamun Diawling da ambaliyar da ke wanke su kowace shekara, aka bar su da ruwan teku da zafin rana kawai. Wurin da yake makiyaya da wurin su ya koma fako mai gishiri, iska tana kwasar ƙurarsa. Kurmin itatuwan bakin teku masu jure zartsi ya bushe, saboda su ma suna bukatar ruwan daɗi ya riƙa sirka musu. Wata doguwar ciyawa da matan yankin ke saƙa tabarmi masu tsada da ita ta ɓace. Bagaruwa, wadda ake jima fata da 'ya'yanta kamar yadda majeman Kano ke yi, ta mutu a tsaye. Bado, wanda ake dafa 'ya'yansa kamar hatsi, ya ƙare. Maza suka tafi Nouakchott neman abin yi. Madatsa ɗaya ta sa ruwan daɗi ya yi yawa a sama har ya zama cuta, gishiri ya yi yawa a ƙasa har ya kashe ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin wuraren biyu faɗin jinga ce kawai.

Darajar ƙasa da rikicin 1989

Ruwan daɗi na duk shekara ya canza darajar filayen gaɓa. Ƙasar da a da sai mai haƙurin jiran ambaliya ke nomawa ta zama abin da mai jari zai sa famfo ya ci riba. A 1983 gwamnatin Muritaniya ta yi dokar da ta soke mallakar ƙasa ta gargajiya, abin da ya buɗe wa attajiran birni ƙofar karɓar filaye a kwarin, inda Fulani da Soninke da Wolof suka gaji noma a gaɓoɓin biyu tun kafin a ja iyaka. A watan Afrilu na 1989 rikicin manoma da makiyaya a kusa da Diawara ya yi sanadin kisan 'yan Senegal biyu. Tarzoma ta tashi a Dakar da Nouakchott, aka kashe ɗaruruwa, aka yi jigilar 'yan ƙasashen biyu ta jiragen sama, aka kori dubun-dubatar baƙaƙen fata 'yan Muritaniya zuwa Senegal da Mali, aka raba gonakin da yawa daga cikinsu ga wasu. Ƙasashen biyu sun yanke hulɗa har 1992. Tushen rikicin ya girmi madatsun, yana cikin tsohuwar gabar launin fata da harshe da mulki a Muritaniya. Amma madatsun ne suka sa filayen suka zama abin da za a kori mutum dominsu. Abin lura shi ne OMVS ba ta rushe ba ko a wannan lokaci, domin bashin da ruwan duk na haɗin gwiwa ne.

Tsagar mita huɗu

Tsakanin kogin da teku, daga Saint-Louis zuwa kudu, akwai wani dogon siririn harshen rairayi da ake kira Langue de Barbarie. Kogin yakan bi bayansa kilomita da dama kafin ya sami mafita. A damina ta 2003 ruwa ya yi yawa, aka buɗe ƙofofin Diama, birnin ya fara nutsewa. A daren 3 ga Oktoba hukumomin Senegal suka sa aka haƙa tsaga mai faɗin mita 4 a cikin rairayin, kimanin kilomita 7 kudu da birnin, don ruwan ya sami gajeriyar hanya. Ruwa ya sauka, birnin ya tsira. Amma teku ta kama bakin tsagar tana ci. Cikin makonni ta kai ɗaruruwan mita, cikin shekaru ta kai kilomita da dama, tsohon bakin kogin kuma ya toshe.

Tun da Diama ke rufe yawancin shekara, babu ruwan daɗin da zai tura teku baya a wannan yanki. Igiyar ruwa ta cinye ƙauyen Doun Baba Dièye, mutanensa suka tashi. A Gandiol, inda ake noman albasa da kayan lambu da ruwan rijiyoyi marasa zurfi, rijiyoyin suka yi zartsi, lambuna da yawa suka mutu. Masuntan Guet Ndar sun sami gajeriyar hanyar fita teku, amma mai haɗari, kuma kwale-kwale da yawa sun kife a bakinta da mutane a ciki. Shekara 17 bayan an gina madatsa don kare manoman sama daga gishiri, manoman ƙasa suka karɓi gishirin a rijiyoyinsu.

Mayar wa kogi da ɗan abin da aka karɓe

Gyaran da ya fi yin tasiri shi ne wanda ya kwaikwayi tsohon kogin. A 1991 Muritaniya ta kafa gandun Diawling, daga 1994 kuma, da taimakon ƙungiyar kare muhalli ta IUCN, aka gina ƙofofi a jikin jingar don a riƙa sakin ruwa cikin fadamun da damina, a bar su su bushe da rani. Masu tsara aikin sun zauna da masunta da makiyaya da mata masu saƙa, domin kowane rukuni yana da lokacin da yake son ruwa ya zo da zurfin da yake so ya kai, kuma su ne suka san yadda ambaliyar da take tafiya. Masunta suna son ruwa da wuri saboda kifi ya yi ƙwai, masu saƙa suna son ruwan sama ya fara jiƙa ciyawar kafin a malale ta. Aka daidaita jadawali tsakaninsu. Cikin 'yan shekaru kifi da ciyawar tabarma da bagaruwa da tsuntsaye suka dawo, mutanen da suka yi ƙaura ma wasu suka komo. A 2002 shugabannin ƙasashen OMVS suka sa hannu a kan kundin ruwan kogin, wanda ya sanya bukatun muhalli da noman bayan ambaliya cikin abubuwan da za a duba wajen rabon ruwa.

Ta fuskar tsargiya, ana raba praziquantel a makarantu, amma yaron da aka warkar yau gobe zai koma mashayar da ya kamu. Shi ya sa hankali ya koma kan ruwan kansa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature a 2023 ya nuna cewa cire ciyawar da ke ƙarƙashin ruwa a mashayun ƙauyuka yana rage katantanwa da kamuwar yara, ciyawar kuma tana zama taki da abincin dabbobi. Ana kuma maganar gina wa jatan lande matakala a jikin madatsar don ya riƙa hawa da sauka.

Babu wanda ke neman a rushe Diama. Dakar da Nouakchott ba za su iya komawa jiya ba, haka ma manoman shinkafa. Abin da tarihinta ya bayyana shi ne yadda aka yi lissafin farko. An ƙirga hektocin ban ruwa da megawat da tan na kayan jirgi, aka raba su tsakanin ƙasashe uku daidai wa daida, domin su ne abubuwan da gwamnatoci za su biya bashi da su. Gishirin rani ya shiga lissafin a matsayin asara kawai. Ba a rubuta cewa shi ke kashe katantanwa da kachala kowace shekara ba, ko cewa a cikinsa jatan lande da kifayen bakin teku ke renon 'ya'yansu. Waɗanda suka biya wannan giɓi, ɗan makarantar Ndombo da mai saƙar tabarma a Diawling da mai albasa a Gandiol, ba su da kujera a teburin da aka yi rabon.

Tambayar tana nan da ranta. Teku tana ƙara tasowa a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a Kogin Gambiya, inda gishiri ke hawa nesa da rani kamar yadda yake yi a Kogin Senegal kafin 1986, an daɗe ana tattauna madatsar da za ta tura shi baya. Masu wannan shiri suna da abin da injiniyoyin 1981 ba su da shi: kusan shekara 40 na bayanan asibitin Richard Toll, da taswirar kachala, da jadawalin buɗe ƙofofin Diawling.